Ɗanyen Kifin Ranar Talata

Ina da shekara arba'in da ɗaya na sauka a Alƙahira, ƙarshen 2012, da jaka guda, da littattafai huɗu, da takardar shaidar gama makarantar manya a naɗe cikin leda. Karatu na je yi. A fara sanin wannan, domin duk wanda ya ji labarina sai ya taɓe baki ya ce kwaɗayi ne ya kai ni. Shekara goma sha ɗaya na yi ina suyar kifi a bakin tasha a Funtuwa. Da kaskon nan na ciyar da 'ya'yana bayan rasuwar ubansu, da shi na yi musu kayan ɗaki, kuma ban taɓa roƙon kowa gishiri ba. Sai da na kai talatin da uku sannan na iya rubuta Rabi ba tare da an riƙe mini hannu ba. Wanda ya san baƙi da girma ba ya ƙoshi da shi. Na gama ajin manya na faɗa Islamiyya, na ɗanɗana Larabci, sai na ji ba abin da nake so irin in je inda ake magana da shi. Wani mai kai mutane Masar ya ce akwai makarantar mata, ga ɗaki ga abinci. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya, kuma ba su suka cuce ni ba. Dillali zan riƙa ce masa, don shi ne aikinsa.

Zangon farko unguwar Abbasiya. Dillali ya ajiye ni a gidan wasu ɗalibai mata ya ce zai dawo gobe, bai dawo ba sai bayan kwana tara. Akwai wata yarinya a cikinsu, Zainabu, 'yar Maraɗi, sa'ar autata, bakinta ba ya hutawa. Ita ta ba ni rabin katifarta, ita ta koya mini tsallaka titi, wanda a garin nan sai ka yi shahada sannan ka kutsa.

"Inna Rabi, wace makaranta ya ce zai kai ki?"

Na faɗa mata sunan. Ta dubi sauran, sauran suka dubi ƙasa.

"Shekarata huɗu a garin ga ban taɓa jin ta ba," in ji ta. "Amma Alƙahira da faɗi. Kawo littafinki in rubuta miki lambata."

"Faɗi dai, ni zan rubuta. Hannuna ba a ɗaure yake ba."

"To, Malama! Allah ya huci zuciyar babbar ɗaliba."

Na rubuta a bangon baya na littafin nahawu.

Zango na biyu Faisal, can Giza, inda gidaje suka matse juna har rana ba ta sauka ƙasa. Ɗaki biyu, mu bakwai, 'yan Habasha da 'yan Sudan da wata 'yar Gini, ba mai jin Hausa. Ranar da muka isa Dillali ya karɓi fasfona ya ce zai buga mini izinin zama, ya karɓi wayata ya ce zai sa mata layin Masar. Na miƙa da hannu biyu har ina godiya. Baƙo ko da ido makaho ne. Ba a yi kwana uku ba sai ga mata masu ƙamshin turare suna zuwa, a kira mu falo, a duba mana hannu da farce, a ce mu ɗaga bokitin ruwa. Ni da na daɗe ina zaɓen kifi a kwando, na san kallon mai saye in na gan shi.

Na tare Dillali a ƙofa. "Ina makarantar?"

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Wata shida kawai za ki taimaka wa wata tsohuwa, kafin nan an buɗe rajista."

"Ban je Makka ba, kar ka ƙara ce mini Hajiya. Ba ni fasfona."

"Ga ƙofa nan," ya ce, har da matsawa gefe. "Fita mana. Baƙar mace ba takarda, gari a hargitse. Kafin ki kai bakin titi an jefa ki mota."

Na zage shi tas, na haɗa da wanda ya koya masa sana'ar. Amma ban fita ba. Wannan ma a sani: bakina ya yi yaƙi, ƙafata ta ji tsoro.

Zango na uku Muhandisin, unguwar ofisoshi da masu hali, hawa na tara. A nan na daɗe. Tsohuwar Hajja ake ce mata, ɓarin jikinta ya shanye, hankalinta kuma yana zuwa yana tafiya. 'Yarta likitar haƙori ce, kowa Duktura yake kiranta, kuma fasfona a hannunta ya ƙare. Ita ba a gidan take kwana ba. Makullin ƙofa biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a aljihun mai gadin ginin, wani dattijo Ammu Sayyid. Kullum da safe zai buɗe ya miƙo burodi da cefane, ya ja ƙofa, in ji ƙarar makulli sau biyu. Wai saboda Hajja ake kullewa, kada ta fita ta ɓace. Hajjar da ko bayi sai na ɗauke ta.

Wayar gidan an cire ta tun kafin in zo. Na taɓa roƙon Ammu Sayyid tasa, ya ce, "Ya Rabi'a," don haka yake kirana, "yara biyar gare ni, kuma a ɗakin ƙarƙashin benen nan muke kwana." Ban sake tambayarsa ba. Ƙofar baranda ma a kulle take. Tagar da ta rage mini ta kicin ce, ita kuma ba titi take kallo ba, ramin tsakiyar gini take kallo, sai bututai da kashin tattabaru, in na leƙa sama in ga sararin samaniya kamar faɗin faifai.

Makarantata ke nan. Na karanta takardun magungunan Hajja, na karanta kwalin sabulu, na ɗaga tsofaffin jaridun da aka shimfiɗa a ƙasan kabad na karanta su har suka yage. Larabcin titi kuwa a bakin Hajja na koya, shi ya sa zagi na fara iyawa. In kewa ta taso sai in yi wa tukwane Hausa, in ce wa babbar, "Ke kuma yau me ke damunki?" don kada harshena ya yi tsatsa. Wata shidan Dillali ya cika ya wuce, ko inuwarsa ban gani ba.

Duk ranar Talata Duktura takan rufe asibitinta na awa ɗaya ta zo ta ci abincin rana kusa da gadon uwarta. Abincin Japan take ci, daga wani ɗan shago da ke layi biyu bayan gidan. Ammu Sayyid ke sayowa, ita kuma ta rufe ƙofar ɗaki ta ci a cikin kwalinsa. Ni ban taɓa ganin abin da ke ciki ba, kwalin da babu komai nake zubarwa.

Wata Talata cikin tsananin zafi aka yi wa Ammu Sayyid rasuwa, ya tafi ƙauye zai yi mako biyu. Shagon kuma ba sa kai wa mutum gida. Duktura ta tsaya tana kallona kamar mai auna haƙorin da za ta cire.

"Kin ce kin iya karatu?"

"Na iya, Duktura."

Ta rubuta sunan shagon da lambar abincin a takarda, ta haɗa da kuɗi. "Lamba huɗu. Minti ashirin. Fasfonki yana wurina, kin sani."

"Na sani."

"Yalla, maza tafi."

Wata bakwai rabona da taka ƙasa. Da na fito rana ta mare ni. Na tafi ina karanta duk allon da na gani da ƙarfi, kantin magani, mai gyaran waya, an hana ajiye mota. Mutane na kallona, ko a jikina. Sai da na kai bakin shagon sannan na tuna, lambar Zainabu tana can hawa na tara a bangon littafi, kuma ban haddace ta ba. Na ciji yatsa har ya yi shaida. Sai na lallashi kaina: mai gadi ba zai dawo ba sai bayan mako biyu, Talata mai zuwa ma tawa ce, muddin na yi aiken nan yadda za a yaba.

Shagon bai kai rumfar mai shayi biyu ba. An rataya jajayen fitilun takarda, ga wani katako a jikin bango da kujeru uku dogaye. Ma'aikatan ofis sun yi layi, kowa na duba agogo, don abincin da araha kuma ba a jira. Na leƙa ko zan ga Bajapane, ban ga ko ɗaya ba. Masarawa ne biyu suka ɗaura farin ƙyalle a goshi suna ta yanke-yanke. Mai karɓar kuɗi wata yarinya ce mai hijabi ruwan toka, sunanta Hiba a rubuce a ƙirjinta. Ta karɓi takarda, ta miƙo mini leda, na juyo.

Na tarar da Duktura tana waya. Ta yi mini nuni da hannu in juye a faranti. Na shiga kicin na buɗe kwali.

Ɗanyen kifi. Wallahi ɗanye, jajir, ko wuta bai gani ba, an yanka shi an ɗora a kan dunƙulen shinkafa. Na taɓa shinkafar, sanyi ƙalau. Na shinshina, har ta fara tsami. Wasu dunƙulen kuma an naɗe su da wani baƙin ganye. Raina ya ɓaci. Na ce wato sun ga baƙar mace, baƙuwa, shi ne suka tattara abin da ba su kai ga dafawa ba suka cusa mini. In na kai wannan gaban Duktura cewa za ta yi ko aike ban iya ba. Komawa kuma ba lokaci. To, ai sun taɓo inda na fi ƙarfi.

Na ɗora kasko. Na ɓare baƙin ganyen na zubar, don na ɗauka irin ganyen da ake naɗe alala ne. Na ware kifin, na sa masa gishiri da tafarnuwa da lemun tsami, na jefa a mai. Sanduna biyu da na gani a ledar na ce ko tsinken tsire ne, amma sun yi kauri, sai na riƙa juya kifin da su. Shinkafar na soya ta da albasa har tsamin ya ɓoye. Minti bakwai na gama. Wata bakwai ban yi abin da na ji alfahari da shi irin farantin nan ba. Na ɗauka na shiga ina taku.

Duktura ta dubi farantin, ta dube ni.

"Mene ne wannan?"

"Lamba huɗu, Duktura. Sun cuce ki, ɗanye suka ba ni. Amma na gyara."

Ta yi wata ƙara da ban san tana cikin siririn wuyan nan ba. "Kin soya? Kin soya sushi? Ya Rabbi! Haka ake cin sa, jahila! Ɗanye ake cin sa!"

Duk abin da ta faɗa kalma ɗaya ce ta shige ni. Na ajiye farantin a kan gado. "Ni ba jahila ba ce. A garinmu mage ce ke cin ɗanyen kifi, ita ma sai ta sata."

Muna wannan ashe Hajja ta miƙa hannunta mai lafiya. Tsohuwar da sai na yi da gaske take haɗiye cokali uku ta cinye kifin tas, tana lasar yatsa tana tambaya ko da saura. Wannan ya ƙara tunzura Duktura. Ta ɗauki jakarta. "Halas, magana ta ƙare. Ba ki sake taka ƙofar nan." Makulli ya yi ƙara sau biyu.

Na zauna a ƙasan kicin, ƙamshin suyata ya cika gidan. Ba wanda ya rufe mini ƙofar nan sai gwanintata.

Talata biyar suka wuce. Ta farko Duktura da kanta ta biya ta sayo, daga nan Ammu Sayyid ya dawo. A cikin makonnin nan na haddace lambar Zainabu, ina wanki ina maimaita ta, ina goge ƙasa ina maimaita ta, daga farko zuwa ƙarshe, daga ƙarshe zuwa farko. Lamba a kai, ba waya, ba ƙofa. Zafin wannan zaman ya fi na wata bakwan farko, don yanzu na san shagon layi biyu ne kawai daga gidan, na san launin hijabin yarinyar da zan roƙa.

Abin da ya taimake ni, Ammu Sayyid ba ya sauri. Sai ya gaisa da mai guga, ya gaisa da mai jarida, ya tsaya sallar Azahar, sannan ya hawo yana haki. A Talata ta biyar Duktura ta duba agogo ya fi sau goma, da kwalin ya iso saura mata minti biyar. Ta buɗe a tsaye a falo tana tsaki.

"Ki riƙa aikena," na ce. "Minti goma sha biyar na dawo."

"Don ki soya?"

"Ba zan soya ba."

"Ke kin raina abincin. Wanda ya raina abu ba ya riƙe shi da kyau." Sai wani murmushi ya zo mata. Ta turo kwalin gabana. "Ci ɗaya. In kin haɗiye, Talata taki ce."

Na dubi abin. A Islamiyya an koya mana kifi ba ya buƙatar yanka, don haka ba zancen haram ba ne, zancen ƙyama ne. Shekara goma sha ɗaya ina dannan kifi da yatsa don kada in ba ɗan wani mai jini a ciki, yau ga shi an ce ni in ci. To, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. A gefen kwalin akwai wani ɗan curi kore kamar miyar kuka da ta kwana.

"Wannan fa?"

"Yajinsu ne. Kaɗan ake lakata, ba za ki iya ba."

Ni za a gaya wa yaji? Ni da nake daka barkono da citta da masoro har maƙwabta su yi ta atishawa? Na ce in ma zan ci ƙazanta gara yaji ya rufe ta. Na kwashe curin duka na shafe kifin da shi, na yi bisimilla na jefa a baki.

Yajinmu harshe yake kamawa, ka san inda yake, ka san yadda za ka yi da shi. Wannan bai tsaya a harshe ba. Ta hanci ya bi ya haye tsakiyar kai kamar an soka mini ƙusa. Numfashina ya ɗauke. Kifin kuma ga shi a baki, sanyi, santsi, ya ƙi taunuwa ya ƙi wucewa. Na kama bakin tebur na haɗiye.

Sai hawaye. Tun da na zo gidan nan ban taɓa bari sun ga hawayena ba, ranar kuwa ya zubo, kuma da yajin ya sake ni shi bai tsaya ba. Duktura tana dariya har da riƙe ciki, ta miƙo mini ruwa tana cewa, "Ma'alish, yi haƙuri, ai na gaya miki." Na bar ta a kan yaji ne.

"Yaya, da daɗi?"

"Talata tawa ce?"

"Taki ce. Minti goma sha biyar."

Talatar da ta biyo ban karanta allo ko ɗaya ba. Na miƙa wa Hiba takarda, na sunkuya na roƙe ta waya. Tsoro ya sa Larabcin titi ya gudu, na littafi ya fito, irin na masu huɗuba. Wani mai taye a bayana ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Allahu Akbar, Shehiya ta zo sayen sushi!" Hiba ba ta yi dariya ba. Ta dubi hannuwana da sabulu ya cinye, ta zaro wayarta daga aljihu ta turo mini ta ƙarƙashin ledoji, ta ce wa na bayana, "Na gaba."

Wayar ta yi ƙara sau huɗu.

"Alo?"

"Zainabu," na ce. Wata takwas ban yi Hausa da mai amsawa ba.

"Wa ke magana? Inna Rabi? La ilaha illallahu! Mutumen nan ce mana ya yi kin wuce Saudiyya! Kina ina?"

Na karanta mata sunan shagon da sunan layin daga jikin leda, harafi bayan harafi. Na ce Talata, ƙarfe ɗaya, minti goma kawai gare ni.

"Ko minti ɗaya ne ina nan. Inna, kina lafiya dai?"

"Ina da rai. Kashe, wayar mutane ce."

Da Talatar ta zo, da safe na yi wa Hajja wanka, na shafa mata mai a ƙafa, na yi mata kitso biyu. Ta riƙe hannuna tana kirana da sunan wata ƙanwarta da ta mutu tun tuni. Ita ba ta yi mini komai ba, ita ma a kulle take, bambancinmu ita ba ta sani ba. Shi ya sa ban yarda in tafi a wata rana ba sai Talata, lokacin da 'yarta ke zaune kusa da ita. Na ɗaura takardar makarantar manya a cikina da ɗankwali, na sa riga a kai. Littattafan huɗu ba yadda zan fita da su. Na shafa bangon na nahawu na mayar ƙarƙashin katifa.

Na tarar da Zainabu a kan doguwar kujera, ƙafafunta na lilo, ga kwali biyu a gabanta. Ta rungume ni, ta ja baya ta dube ni sama da ƙasa.

"Inna, ina sauran naki? Rabinki kawai nake gani."

"Yana hawa na tara. Mene ne wannan?"

"Abincin rana. Tun safe nake cikin mota, kuma ke ma ba inda za ki da yunwa. Ci kafin a haɗa na matar."

"Ba na cin ɗanye sau biyu."

Ta buɗe. Tururi ya tashi. Taliya ce da naman kaza da kabeji, an soya su da wani baƙin romo mai gishiri-gishiri da ɗan zaƙi.

"Wannan ma abincin Japan ne?"

"Lamba tara. Shi ya fi araha ma."

"Wato suna da wuta a shagon nan? Suna da wuta, matar nan take cin ɗanye, har ta sa ni na ci?"

"Kin ci? Ke Inna? Wayyo, da ina nan!"

Ta yi ta dariya har Hiba ta leƙo. Zainabu ta gwada sandunan, taliyar na zamewa tana faɗawa kan hijabinta. Ni kam na ajiye su na sa hannu, masu taye na kallo, na ce su kalla. Ba zan yi ƙarya ba, abincin ya yi daɗi, ko da yake da an sa masa attarugu da ya fi. Muka cinye cikin minti shida, tana ci tana zuba: akwai dattawan ɗalibai da suka san hanyar samo takardar komawa gida in fasfo ya salwanta, akwai katifa, akwai ajin Larabci na mata kusa da su. Duk abin da ta faɗa haka ya zama. Fasfon nan har yau ban sake ganinsa ba, da takardar wucin gadi na dawo bayan wata biyar, amma uku daga cikinsu a aji na yi su, a layin gaba.

Hiba ta miƙo ledar Duktura da canji. Zainabu ta kama hannuna.

"Bar shi nan. Yalla, ga mota can."

"Sai na kai."

"Kin haukace? Ki koma gidan?"

"Bakin ƙofa kawai. Aike amana ne. In na tafi da abincinta da canjinta, yau ɗin nan za ta ce ɓarauniya ta gudu, kuma ta yi gaskiya. Ni ban zo Masar a kira ni ɓarauniya ba."

"In mai gadin ya riƙe ki fa?"

"Tsaya a kwanar can. In kin ji ihu, ki tara mini jama'a."

Layi biyun nan sun fi mini hanyar Funtuwa zuwa Kano tsawo. Ammu Sayyid yana kan bencinsa a bakin ƙofa da kofin shayi. Na ajiye ledar kusa da shi, na ɗora canjin a kai.

"Ammu, hau da wannan wurin Duktura. Minti uku ya rage mata."

Ya dubi ledar. Ya dubi cikina inda takardar ta ɗan turo riga. Ya dubi kwanar da Zainabu ke tsaye tana cizon gefen hijabi. Dattijon nan ba wawa ba ne. Hannunsa ɗaya ya isa ya kama ni, muryarsa ɗaya ta isa ta tara masu gadin layin duka. Ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali, ya ɗauki ledar.

"Gwiwata na ciwo yau," ya ce. "Kuma na'urar hawa tana wasa. Ta matakala zan bi. Hawa tara, sai a hankali."

Na juya. Na yi taku kamar goma sai na ji muryarsa a bayana, da ƙarfi, yadda mai guga da mai jarida za su ji su shaida ya tambaya.

"Ya Rabi'a! Ina zuwa?"

"An aike ni, Ammu."

"Wa ya aike ki?"

Ban waiwaya ba. Na ce, "Ni na aiki kaina."